Daga Ɗakin Jinya: Me ya sa amoxicillin ba ya jin mura?

Hunturu ya shigo, yara sai tari da majina. Makon jiya wata maƙwabciyata a nan Barnawa ta leƙo da kwalbar amoxicillin da ta sayo a kemis. "Sista, kwana uku ina ɗura masa, murar ko gezau." Na ce, "Maman yara, zauna in ba ki labarin magina."

Ƙwayar bakteriya, duk ƙanƙantarta, zagaye take da katanga. Cikinta a cike yake tam kamar balan-balan, katangar ce ke hana ta fashewa. Ba ta haihuwa, rabewa take yi gida biyu, wasu ma duk minti 20 in sun sami wuri. Idan za ta rabe, sai wasu sinadaran furotin su yi zobe a ƙugunta, su tara wasu furotin ɗin da aikinsu gini ne, su ja sabuwar katanga ta tsakiya kamar ana raba gidan gado.

Waɗannan maginan ne penicillin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, da ɗan'uwansa amoxicillin ke ɗaure wa hannu. Gini ya tsaya, ƙwayar na ta girma, sai ta fashe. Ƙwayoyin jikinmu ba su da irin wannan katanga, shi ya sa maganin ke ƙyale su.

To, mura bairos ke kawo ta, shi kuwa ba katanga, ba magina. Sai maganin ya afka wa bakteriya masu amfani a hanjin yaro, ga zawo. Abin da ya fi tsorata ni: ƙwayar da ke kawo ciwon nimoniya ta iya sauya fasalin maginanta har magani ya kasa kama su, kuma yawan sha barkatai ne ke ba irinsu fili.

In likita ne ya rubuta, uwargida, ki kiyaye lokaci. Cikin 'yan awoyi jiki ke fitar da maganin ta fitsari. Kin tsallake na dare, magina sun koma aiki.

Na ɗaga rigar yaron, ɗan shekara biyu, na ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance lafiya: 32. Da ya kai 40, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, da a daren za mu nufi asibiti. Na ce ta ajiye kwalbar, ta yawaita ba shi ruwa, gobe mu sake ƙirgawa.