Fagen Wasanni: Masu Tseren Motoci Na Amurka Sun Koma Neman Tsohuwar Zuma

A wannan mako za mu jingine zancen ƙwallon ƙafa da na dambe, mu ƙetare teku zuwa kudancin ƙasar Amurka, inda ake yin wani irin tseren motoci da ba kasafai labarinsa yakan iso mana ba. Da motoci masu ƙirar motar gida ake yinsa, irin su Ford da Chevrolet da Toyota, galibi a fili mai siffar ƙwai, a yi ta zagaye ana karyawa hagu har sau 400 ko 500. Ƙungiyar da ke riƙe da ragamar wasan ita ce NASCAR. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, bayan shugabannin wannan ƙungiya sun shafe shekaru suna juya wa ƙananan filayen da suka haifi wasan baya, ga shi sun dawo suna nemansu ruwa a jallo. A ganina komowar ta yi kyau, sai dai ba ta isa ba.

Asalin wasan nan na talakawa ne, har ma da masu laifi. A ƙauyukan kan duwatsu na jihohin Karolina ta Arewa da Birjiniya da Jojiya akwai masu fasa-ƙwaurin barasa waɗanda sukan ƙara wa injin mota ƙarfi don su tsere wa jami'an haraji da dare, in ranar hutu ta zo kuma su taru a filin turɓaya a ga motar wa ta fi gudu. Wani makanike mai suna Bill France shi ne ya tara masu harkar a wani otal a garin Daytona Beach cikin watan Disamba na 1947, aka yi wa ƙungiyar rajista a Fabrairun 1948. A tseren farko na babban rukuni, wanda aka yi a Charlotte cikin Yunin 1949, Glenn Dunaway ne ya zo na ɗaya, amma aka ƙwace nasarar domin an tarar an taɓa sifirin ɗin bayan motarsa, irin gyaran da masu dakon barasa suke yi. Aka ba Jim Roper, mutumin da ya tuƙo mota tun daga jihar Kansas ya shiga tsere da ita. A zamanin nan ke nan: in kana da mota kana da zuciya, ƙofa a buɗe take. Junior Johnson, wanda aka kama a 1956 a wurin dafa barasar mahaifinsa ya yi wata 11 a kurkuku, ya ci tsere 50 kafin ya ajiye sitiyari, Shugaba Reagan kuma ya yi masa afuwa a 1986.

Abin da suke kira ƙaramin fili shi ne wanda zagayensa bai kai mil ɗaya ba. A nan mota ba ta samun sararin sakin jiki. Direba ya taka totur, kafin ya ƙifta ido kwana ta zo, ya danna birki, na bayansa ya zungure shi, na gefe ya goge masa fenti. Fitaccen cikinsu shi ne Martinsville a Birjiniya, mai rabin mil da ɗan ɗori, wanda aka buɗe a 1947, kuma shi kaɗai ne babban rukuni bai taɓa tsallake shi ba ko da shekara ɗaya tun 1949. Tun daga 1964 ba kofi ake ba wanda ya ci a can ba, dogon agogo ne na katako mai tsayuwa a ƙasa, ya ɗara mutum tsawo. Richard Petty ya ci a filin sau 15.

To, da kuɗin talabijin da na kamfanoni suka malalo a shekarun 1990, sai aka fara gina manyan filaye kusa da manyan birane. Filin North Wilkesboro, wanda yake a mahaifar Junior Johnson, shi ne ya fi jin jiki. Wasu attajirai biyu suka saye shi, ba don suna sonsa ba, sai don ranakun tsere biyu da yake da su a shekara. Ɗaya ya ɗauke tasa zuwa Teksas, ɗaya ya kai New Hampshire. Jeff Gordon ya ci tseren ban kwana a Satumbar 1996, aka garƙame ƙofa, ciyawa ta tsiro a tsagar kwalta.

Tafiya ta yi nisa, sai gyare-gyare suka isa ga yadda ake neman gurbi. A da abin a fili yake: kowace mota ta fito ita kaɗai ta zagaya, agogo ya yanke hukunci, mai sauri ya tsaya a sahun gaba, wanda ya gaza ya ɗaure kayansa ya koma gida. Agogo kuwa bai san sarki ba. A 1989 Richard Petty da kansa, mai kambi 7 da nasara 200, ya kasa samun gurbi a Richmond, bayan ya jera tsere 513 ba fashi. Maimakon a ga darajar wasan a cikin wannan, sai aka ƙirƙiro gurbi na musamman domin tsofaffin zakaru.

A 2014 aka kawo gwajin taron dangi, watau motoci su fito tare, ana zubar da marasa sauri zango-zango, wai don masu kallon talabijin su ji daɗi. Amma a babban fili duk wanda ya fara fita shi yake tsaga wa na baya iska, su kuwa su lafe a bayansa su fi shi sauri. Saboda haka kowa ya riƙa jiran kowa. A watan Maris na 2019, a Fontana ta jihar Kalifoniya, motoci 12 na zangon ƙarshe suka tsaya suna kallon-kallo har lokaci ya ƙure, babu wadda ta yi zagaye ɗaya da aka ƙirga, 'yan kallo suka yi ta yi musu ihu. Ba a yi wata biyu ba aka koma tsarin mota ɗaya-ɗaya.

Wannan duk wasan yara ne in aka gwada shi da abin da aka yi a 2016, lokacin da aka raba wa masu motoci takardun tabbacin gurbi guda 36, alhali motoci 40 ne iyakar waɗanda ake bari su shiga tsere. Mai takarda ko ya zo na ƙarshe a gwaji zai shiga. Ana sayar da ita kamar fili a birni, har rahotanni suka ce an sayi guda a kan dala miliyan 40 a 2023. Na san masu motoci suna da hujja, domin ba wanda zai zuba dukiyarsa a inda za a iya sallamarsa ranar Asabar. Amma Jim Roper na yau, in ya tuƙo daga Kansas, gurabe huɗu kacal zai tarar ana kokawa a kansu.

Sai mu zo kan makanikai, waɗanda su ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun 2018 mutum biyar ne kawai aka yarda su tsallake katanga in mota ta tsaya, su ɗaga ta da jak, su canja taya huɗu, su ɗura mai, duka cikin daƙiƙa 10 ko kusa da haka. Da yawansu ma tsofaffin 'yan wasan jami'o'i ne da aka horar don wannan aiki kaɗai. In taya ta kwance a tsakiyar fili, su ake dakatarwa, direba kuwa ya dawo mako mai zuwa. A Teksas cikin Nuwambar 2010, shugaban makanikan Jimmie Johnson, watau Chad Knaus, ya ga yaransa suna ɓata lokaci, sai ya sallame su ana tsakiyar tsere, ya ɗauko na Jeff Gordon wanda motarsa ta riga ta yi haɗari. Dabarar ta ci, Johnson ya ɗauki kambi na biyar a jere, amma mutanen da suka yi masa wahalar shekarar a gefe suka kalli bikin.

Shi ma shugaban makanikai bai tsira ba. Direba yana zuwa da kamfanin da ke biyan kuɗin talla, don haka in nasara ta ƙi zuwa ba shi ake taɓawa ba. An raba Knaus da Johnson a ƙarshen 2018 bayan shekara 17 da kambi 7, Johnson kuwa bai sake cin ko tsere ɗaya mai maki a rukunin ba. Masu saurin canji su tuna da Dale Inman, ɗan uwan Petty kuma shugaban makanikansa. Shi ne a babban tseren Daytona na 1981 ya yanke shawarar a tsayawar ƙarshe a zuba mai kawai, kada a taɓa taya, da haka Petty ya wuce motocin da suka fi tasa gudu. Inman ya bar gidan, ya je ya ci kambi na takwas tare da Terry Labonte a 1984. Petty bai ƙara kambi ba.

Yanzu dai an waiwayo. Da taimakon dala miliyan 18 da gwamnatin jiha ta ware, aka gyara North Wilkesboro, manyan direbobi suka koma can a 2023, Kyle Larson ya ci. Sai dai motar da aka zo da ita tun 2022, wadda ake sayen yawancin kayanta a haɗe daga kamfanonin da ƙungiya ta zaɓa, ta rage wa makanike wurin nuna basira, direbobi kuma sun yi ta kukan cewa wuce juna a ƙaramin fili ya yi wuya, tun da motocin duk ɗaya ne. An dawo da fili, ba a dawo da abin da ya sa fili ya yi suna ba.

Inda na ga alamar tsohon wasan shi ne a Bowman Gray, wani ɗan fili mai rubu'in mil a garin Winston-Salem, wanda yake kewaye da filin ƙwallo, inda mutanen gari suke tseren daren Asabar tun 1949. Babban rukuni ya bar wurin tun 1971, sai a Fabrairun 2025 ya koma don tseren buɗe shekara. A ranar an bi al'adar ƙananan filaye: aka kasa motoci kashi huɗu suka yi gajerun tsere, biyar na farko a kowane kashi suka wuce, sauran suka sake karawa a kan gurabe biyu, aka cike da mota guda bisa makin bara. Motoci 23 suka shiga babban tseren, masu takardar gurbi da dama suka koma gida, Chase Elliott ya ci. Cikin masu neman gurbi har da Tim Brown, zakaran filin sau 12, wanda a sauran ranakun mako makanike ne a garejin wani mai motocin tsere. Bai samu shiga ba, amma an bar shi ya gwada, mutanen garinsa suna tsaye suna kiran sunansa. Sai dai tseren nan na nishaɗi ne, ba a ƙirga makinsa. Da aka isa Daytona bayan mako biyu, masu takardu 36 sun san gurabensu tun kafin a tayar da inji.