Gargaɗi a kan tonon kufai da sayar da kayan mutanen dā

Amma bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani akwai wata ɓarna da ta daɗe a ƙasarmu, ita ce tonon kufai don sayar da abin da magabata suka bari.

Asalin al'amarin, a 1928 masu haƙar kuza suka tono wata sura ta gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka sami wani kai a Jama'a, ya kai hannun Bernard Fagg, ya gane aikin al'umma guda ne. Bincike ya tabbatar shekarunsu sun haura 2000. Da kuɗinsu ya hau a kasuwannin Turai, sai dillalai suka shiga ƙauyuka. Cikin shekarun 1990 aka yi ta tono a ƙasar Nok, da Kwatarkwashi, da Bura ta Nijar. Talaka ya sha rami, a ba shi abin cefane, dillali ya kwashe riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In wani ya ce, ai gumaka ne, ina ruwanmu? Jawabinsa: ajiye shaida daban, bauta daban. Masu bincike da gawayi da tsingaron da ke kwance tare da abin suke gane zamaninsa. In an tumɓuke shi, ya zama kamar warƙa da aka yage daga littafi, ba farko ba ƙarshe, ba sunan mawallafi. Wane malami zai yarda a yi wa kundinsa haka?

Doka kuwa akwai ta. An kafa ta a 1953, aka ƙarfafa ta a 1979: ba a tono, ba a fitarwa waje, sai da izinin hukumar gidajen tarihi. Amma abin da ya riga ya ƙetare, dawo da shi da wuya. Ga surori 3, waɗanda aka baje 2 daga cikinsu a Louvre a 2000: Faransa ta amsa a 2002 cewa mallakar Nijeriya ne, duk da haka suka zauna can aro na shekara 25.

Saboda haka tsaro a bakin rami yake. Wanda ya ci karo da irin wannan a gonarsa, ya bar shi inda yake, ya sanar da dagaci, dagaci ya kai gaba. Malamai kuma su faɗa wa jama'a, abin da kowa ke da gado a cikinsa, mutum guda ba ya sayar da shi.

Haza wassalam.