In Kan Noti Ya Cinye, Dabara Ta Fi Ƙarfi

Wasu masu ƙera motocin gwangwani a nan Tsaskiya, da zarar kan noti ya cinye sai su hau dukan ɗan injin da dutse. Ƙarshenta ya fashe, samun wani kuwa sai an je Batsari ko Dutsin-ma.

Mu a ganinmu wannan asara ce. A ɗiga kalanzir ya ratsa tsatsar, a goge. A shimfiɗa guntun roba kan notin, a danna sukudireba, a juya hagu a hankali. In ya ƙi, a tsaga masa sabon baki da zarto, ko a cafke shi da filaya.

Malamai, don Allah a ware mana darasin gyare-gyare ko sau ɗaya a mako. Ɗalibai kuma mu tuna, sauri ya haifi nawa.