Fulogin Araha Ba Araha Ba Ne: Daga Masana'anta Ake Yanke Wa Fulogi Kwanansa

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya mu taɓa abin da ke ba wa wayar wuta. In kana Gwandu ko Kalgo, ka san sau nawa cajin wayarka ke fitowa daga janareta, naka ko na mai shagon caji. Shi kuwa janareta, da babur ɗin kabu-kabu, da injin ban ruwan da ke shayar da shinkafa da albasa a fadama, duk ransu yana rataye a kan ɗan ƙarfen da bai fi yatsa ba: fulogi.

Ra'ayina shi ne, ƙarkon fulogi ba a hannun bakanike yake ba. Tun a masana'anta aka gama maganar. Duk gogewa da sanfefa da ƙonawa a wuta da muke yi, jinya ce kawai, ba magani ba.

Ciro fulogi ka duba bakinsa. Za ka ga tsinke a tsakiya, da wata ƙugiya da ta lanƙwaso kansa. Tsakaninsu akwai ɗan gibi, a nan tartsatsi ke tsallakawa ya kunna fetur. Janareta mai juyi 3,000 a minti ɗaya yana buga tartsatsi aƙalla sau 1,500 a mintin nan, wato sau 90,000 a awa guda. Kowane tartsatsi yana gutsurar ƙarfen kaɗan-kaɗan. Gefen tsinken da ke da kaifi sai ya mulmule, gibin ya buɗe. Daga nan ka fara jan igiya sau goma kafin inji ya tashi, ga shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kowa ya san lita ba abin wasa ba ce.

To me masana'anta ke yi don rage wannan ci? Abu uku ne.

Na farko, cikin tsinken. A fulogi na ƙwarai, ana cusa jan ƙarfe cikin ɓawon nikel, a matse su su zama abu ɗaya. Nikel ne ke fuskantar wuta, jan ƙarfen kuma yana janye zafi daga bakin da sauri. Ƙarfen da bai yi zafi fiye da kima ba ya fi jimawa bai cinye ba. Wannan aiki ido ba ya ganinsa, shi ya sa mai yin jabu ke samun damar yin ha'inci a nan.

Na biyu, abin da aka ɗora a baki. Nikel yana narkewa a zafin digiri 1,455, filatinam a 1,768, iridiyam kuwa sai wajen 2,446. Saboda taurin iridiyam ake iya sirantar da bakin tsinken: na NGK milimita 0.6, na Denso har 0.4, alhali na gama-gari ya kai kusan 2.5. Siririn baki ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin tartsatsi ya tsallaka.

Na uku, yadda aka haɗa su. Wannan ɗigon iridiyam da hasken leza ake walda shi, a zagaye shi kaf, har ƙarafan biyu su narke cikin juna. Dalili kuwa, in zafi ya taso kowane ƙarfe da irin buɗewarsa. In haɗin bai yi kyau ba, yau zafi gobe sanyi, sai ɗigon ya tsage ya faɗa cikin inji. Ka ga asarar ta wuce kuɗin fulogi, ta koma kuɗin buɗe inji.

Wani zai ce, "To Malam, kowa ya koma iridiyam ke nan?" A'a, kuma a nan na saɓa da wasu masu shago. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, fuloginsa ba tsufa ke kashe shi ba, baƙin hayaƙi da maiƙo ke toshe shi. Haka injin ban ruwan da iyakilinarsa ta cika da ƙurar hunturu, ko kafiretarsa ke sakin mai fiye da ƙima, ko aka zuba masa fetur ɗin bumburutu mai gauraye. Ka saka masa iridiyam, zai yi baƙi kamar yadda na nikel zai yi. Ka sai wa jaki sirdin doki ke nan. Ga irin waɗannan, fulogin nikel na asali mai lambar da ta dace ya wadatar. Iridiyam ya fi amfani ga mota, da babur mai lafiyayyen inji da ke wuni kan titi tsakanin Kalgo da Birnin Kebbi.

Don haka gardamar ba tsakanin nikel da iridiyam take ba, tsakanin na asali ne da jabu. Ni kaina na taɓa sayen wani mai suna babba a kwali, kuɗinsa rabin na saura. Sati biyu bai cika ba bakinsa ya cinye, na kwana cikin duhu waya ba caji. Araha ba ta ado.

Kafin ka biya kuɗi, yi waɗannan:

1. Duba lambar da littafin injinka ya faɗa. Misali, Honda GX160 da ake sa wa injinan ban ruwa da yawa BPR6ES yake ɗauka, gibinsa milimita 0.7 zuwa 0.8.
2. Kunna kyamarar wayarka ka zuƙo bakin fulogin. Tsinken ya tsaya daidai ƙarƙashin ƙugiya, waldar ta zama sumul.
3. Ja zoben wosha da ke gindin zaren. Na asali ba ya zarewa cikin sauƙi.
4. Rubutun da ke jikin farin tangaran ya fito tsaf, ba a karkace ba.
5. In iridiyam ka saya, kar ka bari a kai masa sanfefa ko a ƙwanƙwasa bakinsa.

Manomin da injinsa ya tsaya rana biyu a tsakiyar Maris, shuka na jiran ruwa, shi ya san farashin fulogin jabu na gaskiya. Tura wa bakanikenka wannan, da mai cajin unguwarku. In kunne ya ji, jiki ya tsira.