Wa Zai Karanta Yarenmu a Jami'a?



Idan yaro ya gama sakandare ya ce zai karanta ilimin harsuna a jami'a, mu iyaye mukan ɓata fuska. Likita muke so, ko lauya. Har mukan tambaye shi, "Yaren da ka sha a nono ne za mu biya kuɗi ka koya?" To, ya sha ɗin kuwa? A gidajenmu da yawa yau, kaka za ta yi magana da Berom ko Tangale ko Jju, jika ya amsa mata da Hausa ko Turanci.

Ba raina Hausa muke yi ba, ga shi da ita muke rubuta wannan takarda. Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ita ce ta haɗa kabilunmu cikin sujada ɗaya. Amma mu tuna, mutane ne suka zauna suka yi mata aiki. Bargery, wanda mishan ya kawo shi ƙasar nan, ya fitar da babban ƙamus ɗinsa a 1934. Yau ana karatun Hausa har digiri na uku a Zariya da Kano da Sakkwato. Nijeriya kuwa tana da harsuna fiye da 500, kaɗan ne ƙwarai cikinsu suka sami irin wannan gata.

Aikin ba na wasa ba ne. A yawancin yarukanmu, ɗaga murya ko sauke ta yakan canja ma'anar kalma, akwai kuma sautukan da baƙaƙen Turanci ba su da su. Sai wanda ya sami horo ne zai tsara rubutun da jama'a za su iya karantawa. In ba haka ba, za mu yi bikin keɓe Sabon Alkawari da yarenmu, zumuntar mata su ɗinka anko, a yi rawa a watse, littafin kuma ya kwanta cikin akwati yana shan ƙura.

Kada mu zauna jiran gwamnati. A 2022 ta ce a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a 2025 kuma ta janye maganar.

Wuraren horo suna nan kusa da mu. Jami'ar Jos tana koyar da ilimin harsuna, TCNN Bukuru tana horar da masu fassarar Littafi Mai Tsarki, NBTT a Jos kuma aikinta ke nan. Roƙonmu shi ne kowace gunduma ta ɗauki nauyin yaro ko yarinya ɗaya daga cikin baiko, yadda muke yi wa ɗaliban makarantar Baibul, da sharaɗin cewa binciken kammala karatunsa zai kasance a kan yarensu. 'Yan'uwanmu da ke koyarwa a jami'o'i su ma su buɗe baki a wurin da ake tsara darussa. Matasa kuma su fara ɗaukar muryoyin tsofaffi da waya tun yanzu, tatsuniya da kirari da sunayen itatuwa, domin ɗalibin ya tarar da abin da zai yi aiki a kai.

Muna roƙo a sa wannan magana cikin ajandar taron dattawa mai zuwa.