Uban da Ya Iya Karatu Ba Shi da Uzuri

Jama'a, a watan Maris na 2020 annobar korona ta sa hukuma ta rufe makarantun ƙasar nan duka, har da na birnin Sakkwato. Yaran firamare suka yi kamar wata shida zaune a gida. Ko da aka buɗe, sai ga yaron da a dā yake haɗa baƙi da wasali ya koma yana kallon allo kamar bai taɓa ganinsa ba. Iyaye suka ce laifin annoba ne. Ni kuwa na ce rabin laifin yana zaurenmu.

Kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurarka, ka sha dariyar abokai, har ka karɓi takardar shaida, me ka yi da ita a watannin nan? Ka karanta wasiƙarka da kanka, ka rubuta bashin da kake bi a kasuwa, amma ɗanka ka ɗora masa farantin talla, jakar littattafansa na rataye gara tana ci. An sa darussa a rediyo domin yara, kai kuwa ka tafi da akwatin majalisa jin labarin siyasa.

Wani zai ce, "Ai ni ba malami ba ne." Wannan ba hujja ba ce a garin nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira ginin makaranta ba. Ta naɗa jajoji suka riƙa kai ilmi ga mata har ƙauyuka, aka kira ɗalibansu 'yan taru. Wani kuma zai ce ba shi da lokaci. To, wa ya ce ka wuni? Rabin sa'a bayan la'asar ya isa. Yaro ya karanta maka shafi ɗaya da ƙarfi, ya rubuta layi uku, uwarsa ta zuba masa tsabar wake ya ƙirga.

Annoba ta wuce, amma dogon hutu yana zuwa kowace shekara, kuma ba wanda ya san abin da gobe za ta kawo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an sake rufe makaranta, ka shimfiɗa tabarma ka kira ɗanka. Allah ya sa mu gane, amin.