Hoton Fure Ba Ado Ba Ne, Shaida Ce

Duk wanda ya bi hanya daga Anka zuwa Bukkuyum da Gummi a watan Fabrairu zai iya rantsuwa cewa ƙasar Zugu ba ta da fure. Ciyawa ta bushe, hazo ya rufe sama, dabbobi sun share gonaki. Amma idan ya tsaya ya duba da kyau, zai ga tumfafiya ɗauke da furanninta farare masu bakin shunayya, ya kuma ga gawo ya yi shar da ganye alhali sauran itatuwa sun kaɗe. Wannan yanki ba hamada ba ne, sai dai ranin da ke kai wata bakwai ya sa tsirransa sun koyi dabarun zama da ƙishirwa irin na tsirran hamada. Ya kamata makarantun sakandare na yankin su mai da ɗaukar hoton waɗannan tsirrai wani ɓangare na darasin ilimin halittu.

Dalili na farko shi ne abin da ba a ajiye shaidarsa ba, ranar da ya ɓace ba mai iya cewa ya taɓa wanzuwa. Madobiya misali ce. Katakonta ya yi tsada a kasuwar Sin, aka yi ta sare ta a dazuzzukan Afirka ta Yamma, har da na Nijeriya, sai da aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido tun daga 2017. Yaron da bai taɓa ganin ruwan ɗorawar furenta a lokacin rani ba, ba zai san an yi asara ba. Haka nan sunaye suke tafiya. Wani likita Bature mai suna J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma a 1937. Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya samo wannan ilimi. Jikokin waɗannan mutane su ne ke zaune a aji yau, da yawansu kuwa ba za su bambanta sabara da geza ba.

Dalili na biyu shi ne hoto na kusa yana koyar da ido. Littafi yana zana fure guda ɗaya mai kyakkyawan tsari, ɗalibi ya haddace sassansa ya zuba a jarrabawa. Amma ranar da ya durƙusa gaban ƙuduji a gonar dawa, ya ɗauki furensa mai launin hoda, sannan ya tone ƙasa ya ga yadda saiwarsa ta manne da ta dawa tana tsotse ta, ya fahimci ma'anar tsiro mai ci da gumin wani. Tushe ɗaya na ƙuduji yana zubar da dubban iri ƙanana kamar ƙura, waɗanda kan daɗe fiye da shekara 10 a ƙasa suna jira. Ɗalibin da ya gane wannan zai gaya wa mahaifinsa dalilin da ya sa ake cire shi kafin ya yi iri. Haka kuma wanda ya ɗauki farin furen kuka da magariba, ya dawo da safe ya tarar ya fara yaushi, zai tambayi wane ne ke ziyartarsa da dare. Amsar ita ce jemage.

Aikin ba ya bukatar kyamara mai tsada. Wayar hannu ta wadatar, muddin an bi ƙa'ida. A fita da sassafe, lokacin da haske ke da taushi kuma iska ba ta fara kaɗa reshe ba, domin ranar tsaka tana ƙone launin fure. A sani cewa gwargwadon yadda aka matso da kyamara, gwargwadon yadda wurin da ke fitowa sarai yake ƙanƙancewa, saboda haka a dafa gwiwar hannu a ƙasa, a taɓa tsakiyar furen a fuskar waya kafin a ɗauka. A ajiye abin awo ko tsinken ashana a gefe don a san girma. Kowane tsiro a yi masa hoto huɗu: tsayuwarsa gaba ɗaya, da ganye gaba da baya, da fure, da 'ya'ya ko ɓawo. Sannan a rubuta kwanan wata, da wuri, da irin ƙasar, da sunansa kamar yadda wani dattijo ya faɗa, da Hausa ko da Fulatanci. Hoton da ba shi da waɗannan bayanai ado ne kawai. A kuma kiyaye ruwan tumfafiya, don yana cutar da ido.

Akwai masu cewa hoto ba zai maye gurbin busasshen tsiro da ake ajiyewa a ma'ajiyar tsirrai ba, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Gaskiya ne, masani ba ya iya feɗe furen da ke cikin hoto. Amma busasshen ganye ba ya riƙe launi, ba ya nuna ƙwaron da ke kan fure, kuma ba kowace makaranta ke iya kare shi daga gara ba. Ɗaya na taimakon ɗaya ne.

Wasu kuma za su ce, a yankin da 'yan bindiga suka hana noma, wa ke ta fure? Wannan magana ce mai nauyi, kuma kada malami ya kuskura ya kai yara daji. Sai dai ba a bukatar daji. A jikin shingen makaranta da bakin rijiya da bayan gari akwai tafasa da yaɗiya da karkashi da ƙarangiya da aduwa. Makaranta ta zaɓi itace 10 a harabarta, ta riƙa ɗaukar su ranar farko ta kowane wata. Bayan shekara 5 za ta mallaki tarihin lokacin da kowanne ke toho da fure, abin da masu binciken sauyin yanayi ke nema ruwa a jallo.

Da sannu ake cika rumbu. Idan kowane aji a Anka da Gummi da Bukkuyum ya bar wa na bayansa kundin hotuna mai suna da kwanan wata, to nan gaba ɗan ƙasar Zugu ba sai ya nemi littafin baƙo ba kafin ya san abin da ya tsiro a ƙofar gidansu.